Wa Zai Nuna wa Masu Tsaron Littattafai Makamar Aiki?

A ƙasar nan babu likitan da ake sakar wa asibiti ran da ya fito daga jami'a. Tilas ne ya yi shekara guda cur a ƙarƙashin manyan likitoci, yana kwana a bakin aiki, ana duba hannunsa, kafin a ba shi cikakkiyar rajista. Mai haɗa magunguna shi ma sai ya yi tasa shekarar. Lauya kuwa, bayan ya sami digiri, sai ya shiga Makarantar Horar da Lauyoyi, a tura shi kotu ya zauna ya ga yadda ake shari'a, kana a tura shi ofishin wani gogaggen lauya ya ɗauki jaka. Ko malamin firamare ba a ba shi takardar shaida sai ya tsaya gaban allo da alli a hannu, mai duba shi yana zaune a bayan aji yana rubutu. Dalilin wannan ɗawainiya a fili yake, watau akwai ilmin da ba ya zama a kai sai hannu ya taɓa.

To, akwai wata sana'a da jama'a ba su cika tunawa da ita ba in ana wannan lissafi, ita ce aikin laburare. Galibin mutane sun ɗauka ma'aikacin laburare shi ne mutumin nan da ke zaune a bakin ƙofa yana buga hatimi a bayan littafi, yana tsawata wa masu surutu. Alhali kuwa a hannunsa ne ake barin abin da al'umma ta rubuta game da kanta, daga takardun mulki har waƙoƙin malamai. In ya iya aikinsa, wanda za a haifa nan da shekara ɗari zai nemi littafi ya samu. In bai iya ba, littafin yana nan a cikin gini, amma da shi da wanda ya ɓata duk ɗaya ne, domin babu mai sanin inda yake. Saboda haka tambayar inda ɗaliban wannan fanni, musamman masu neman digiri na biyu, za su koyi makamar aiki ba ƙaramar tambaya ba ce.

Ya kamata a ɗan waiwaya baya a ga yadda aka faro. A shekara ta 1953 Hukumar UNESCO ta kira wani taro a Badun a kan yadda za a raya ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. Daga wannan taro ne aka sami ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Afirka ta Yamma a 1954, wadda daga cikinta ƙungiyar Nijeriya ta fito a 1962. A wancan zamani duk wanda ke son zama cikakken ma'aikaci sai ya ɗauki jarrabawar ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Ingila, ko dai ya ƙetare teku, ko ya yi karatu ta gidan waya yana nan yana aikinsa. Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta aiko wani masani, Harold Lancour, ya zaga ya duba, ya rubuta rahoto a 1958, sa'an nan ta ba da kuɗin da aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan laburare a Kwalejin Jami'a ta Badun. Ɗalibai na farko sun shiga a 1960, a ƙarƙashin John Harris, mutumin New Zealand wanda shi ne ya kafa laburaren jami'ar.

Arewa ta bi tata hanya. Wani Bature daga Ostireliya, F. A. Sharr, ya duba bukatun Jihar Arewa ya miƙa rahoto a 1963, kuma a kan shawararsa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a 1968. Nan fa aka sami saɓanin da ya daɗe ana tafka muhawara a kansa. Badun ta tsaya a kan cewa sai mutum ya sami digiri a wani fanni, tarihi ko kimiyya ko harshe, sa'an nan ya zo a ɗora masa ilmin laburare a kai. Zariya ta ce Arewa ba ta da masu digirin da za ta jira, don haka ta fara ba da digiri na farko da difloma a fannin kansa. Jami'ar Bayero ta Kano ta bi sahu a 1977, ta Maiduguri a 1978. Yanzu hanyoyin biyu duk a buɗe suke, kuma Hukumar Rajistar Ma'aikatan Laburare, wadda Doka ta 12 ta 1995 ta kafa, tana karɓar waɗanda suka biyo kowacce.

A nan ne gizo ke saƙa. Ɗalibin digiri na farko yana da inda zai dafa. Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF mai hedkwata a Jos, wanda aka kafa a 1971, ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973 domin ɗaliban jami'a da na kwalejojin fasaha da na ilmi su fita su yi watanni a wuraren aiki. Shirin yana da nasa ciwon. An daɗe ana kuka da ƙarancin ɗan alawus ɗin da jinkirin biyansa, da malamai masu duba ɗalibai waɗanda ba sa leƙowa sai ranar sa hannu. Amma ko ba komai akwai shi, da littafin da ɗalibi ke cikewa kullum, da makin da ake ba shi. Ɗalibin digiri na biyu kuwa ba don shi aka ɗinka wannan riga ba. Abin da zai samu na aikin hannu ya rataya ne a kan abin da sashensa ya ga dama ya shirya, da kuma kirkin shugaban laburaren da aka tura shi wurinsa.

Abin mamaki, shi ne ya fi kowa bukata. Mai karatu ya duba wanda ya yi digirin farko a fannin tattalin arziki ko Larabci, ya yi bautar ƙasa, ya nemi aiki ya rasa, ya dawo jami'a ya yi shekara ɗaya da rabi ko biyu ya fito da digiri na biyu a ilmin laburare. A takarda ya fi wanda ya yi shekara huɗu yana digirin farko a fannin. In an ɗauke shi aiki, shi za a ɗora a kan mutanen da suka yi shekara ashirin suna jera littattafai. Mai yiwuwa ne kuwa bai taɓa ɗaukar sabon littafi ya bi da shi tun daga rajistar shigowa har ya hau kanta ba. Waɗanda ke ƙarƙashinsa za su gane haka tun makon farko, kuma daga ranar nan girmansa ya zube, sai dai gaisuwa.

Wani abu kuma ya ƙara dagula lamarin. Ma'aikatan laburaren jami'a ana lissafa su cikin malamai, don haka ƙarin girmansu yana tafiya da yawan maƙalun da suka buga. Wannan ya ɗaukaka darajar sana'ar, ba a musu. Amma ya sa hankalin ɗalibi tun yana aji ya karkata ga rubutun da za a ƙirga masa. Duk wanda ya leƙa kantar da ake ajiye kundayen digiri na biyu a irin waɗannan sassa zai ga yadda suka yi kama da juna: an raba takardun tambayoyi ga ɗalibai ko malamai, an tambaye su ko sun san da kaza, ko suna amfani da kaza, an zana jadawali, an kammala da cewa a ƙara kuɗi a gyara wutar lantarki. Da wuya a ga kundin da mai shi ya ɗauki tarin takardu da ba wanda ya taɓa tsarawa, ya tsara su, ya ce ga abin da ke ciki. Na biyun nan kuwa shi ne wanda wani zai zo ya amfana da shi bayan shekara hamsin.

Mene ne ma wannan aikin hannu da ake ta magana a kansa? A fara da katalog, watau kundin da ke gaya wa mai nema ko akwai littafi, da kuma inda yake. A aji ana koya wa ɗalibi ƙa'idojin da aka tsara a Ingila da Amurka, irin su AACR2 ta 1978 da RDA wadda ta gaje ta daga 2010. Ƙa'idojin suna da kyau, amma an gina su a kan mutanen da ke da sunan dangi. To, ga littafi a gabansa na Sa'adu Zungur, ga na Mu'azu Haɗeja, ga na Aminu Kano. Zungur da Haɗeja da Kano duk sunayen wurare ne. Ga wani na Alhaji Junaidu, Wazirin Sakkwato, wanda kowa ya san shi da sarautarsa. Ga Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karanta ta suka fi sani da Anti Bilki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa, in aka tara littattafan da aka buga a Alƙahira da Landan da Zariya da Sakkwato, za a ga sunansa a rubuce ta hanyoyi da yawa, wani ya sa Usman, wani Uthman, wani Usuman, wani ya rubuta ɗan Fodiyo, wani ibn Fudi. Aikin mai katalog ne ya zaɓi sura ɗaya ya tsaya a kanta, sa'an nan ya yi wa sauran alamar da za ta kai mai nema gare ta. In ya kasa, littattafan mutum ɗaya za su watse wuri biyar, ɗalibi ya nemi uku ya samu ya tafi yana zaton iyakarsu ke nan. Irin wannan hukunci ba a koyon sa sai a gefen wanda ya yi shekaru yana yanke shi.

Ga kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa. In mai shigar da bayani a kwamfuta ya rubuta ƙasa da ƙ, mai nema ya buga ta da k, mai yiwuwa na'urar ta ce babu. In kuma aka zubar da lanƙwasar gaba ɗaya don a huta, to an haɗa baƙi da baki, an haɗa ɗaki da daki, an ɓata sunan littafi. Akwai hanyar da ake saita na'ura ta karɓi duka biyun, amma sai wanda ya taɓa cin karo da matsalar ne zai san ma ya kamata a saita.

Haka batun ba littafi lamba. Tsarin da Melvil Dewey ya fito da shi a 1876, wanda ɗakunan karatu na jihohi da na makarantu suka fi amfani da shi, ya ba Baibul da addinin Kirista lambobi tun daga 220 har cikin 280, ya tattara Musulunci a 297. Harshen Hausa yana can a 493.72, adabinsa a 893.72. Jami'o'i galibi suna bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, inda Hausa ta sami gurbi daga PL8231 zuwa PL8234, tarihin Nijeriya kuma DT515. Wannan ba laifin kowa ba ne, kowa da allonsa ya tsara. Amma laburaren da ke Katsina ko Gusau, inda littattafan fiƙihu da hadisi da tafsiri ke cika ɗaki guda, tilas ya san yadda zai faɗaɗa 297 ba tare da ya rushe tsarin ba. Tsofaffin ma'aikata da dama sun yi irin wannan gyara da hannunsu, wani a cikin tsohon littafin rubutu yake, wani ma a kansa kawai yake. Ran da ya yi ritaya ya tafi da shi gida.

Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen rubuce-rubucen hannu na Larabci da Ajami. Ana da su jibge a Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, da Gidan Tarihi na Jos, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da jami'o'in Badun da Zariya da Kano, ban da abin da ke cikin gafakoki a zaurukan malamai, wanda ya fi na hukuma yawa. Waɗannan littattafai ba a ɗinke suke ba. Warƙoƙi ne sake, a tsakanin fata biyu, kuma sau da yawa babu lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalma guda da mai kwafi ke rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta shafi na gaba. Ɗalibin da bai san haka ba, in iska ta watsa masa warƙoƙi, ko ya tarar an riga an cakuɗa littafi biyu a gafaka ɗaya, ba shi da ta yi. Wanda aka nuna wa sau ɗaya kuwa zai zauna ya mai da kowace warƙa ɗakinta.

Akwai kuma sanin shekarar rubutu. Malaman ƙasar Hausa sun saba rufe waƙa ko littafi da ramzi, watau kalmar da in aka tara ƙimar haruffanta za ta ba da shekarar Hijira. To, lissafin haruffa iri biyu ne, na Gabas da na Magariba, kuma na Magariba ne malaman nan suka bi. A lissafin Magariba harafin shinun 1000 ne, a na Gabas kuwa 300. Alal misali, ramzin da ya ƙunshi shinun da ra da nun zai ba da 1250 a lissafin Magariba, wanda ya yi daidai da 1834 ko 1835 na Miladiyya, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wanda ya yi Larabcinsa a tsarin Gabas, bai sami mai ja masa kunne ba, zai lissafa 550, ya mai da littafin baya da shekara 700, ya rubuta haka a katalog, wani kuma ya zo ya kwafa. Takardar kanta shaida ce: in aka ɗaga ta ga haske za a ga tambarin masana'anta a cikinta, kuma wadda ta fi yawa a ƙarni na 19 ita ce mai jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya fatake su ƙetaro Sahara da ita.

Ɓarnar da jahilci mai kyakkyawar niyya ke yi a nan ta fi ta gara. Ma'aikaci ya ga warƙa ta yage, tausayi ya kama shi, ya ɗauko salatif ya manna. Bayan 'yan shekaru ƙaron ya narke ya shiga takarda, ya bar tabo mai ruwan ƙasa, ya ɗauke tawada. Wani ya kai ta a lulluɓe ta da leda mai zafi irin yadda ake yi wa takardar shaidar makaranta, ya kashe ta ke nan har abada. Wani ya fesa maganin sauro a ɗakin don ya kori kyankyaso da asu. Duk waɗannan abubuwa ne da mako biyu a hannun gwani ya isa ya hana. Masana tarihi sun riga sun nuna amfanin zama gaban masu abu. Murray Last ya zauna a Sakkwato yana karatu a laburaren Waziri Junaidu kafin ya fitar da littafinsa a kan Daular Usmaniyya a 1967, Jean Boyd kuma a wannan gida ta yi shekaru tana bin rubuce-rubucen Nana Asma'u har aka buga su a haɗe a 1997. In baƙo zai zo daga Ingila ya durƙusa ya koya, babu hujjar da za a ce ɗalibin Zariya ko Kano ya gama digiri na biyu bai taɓa kwance gafaka ba.

Ba tsofaffin takardu kaɗai ke zubewa ba. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kofe 3, gwamnatin jiha kofe 10, Gwamnatin Tarayya kofe 25. Amma littattafan hikaya na Hausa da suka cika kasuwannin Kano da Kaduna tun daga wajen ƙarshen shekarun 1980, marubutansu ne ke buga su da kuɗin aljihunsu, da yawa babu shekarar bugu, babu lambar ISBN, kuma ba su san hanyar Laburaren Ƙasa ba. Jerin sunayensu da aka fi dogara da shi, wanda ya tattaro na 1987 zuwa 2002, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess ne suka tsara shi, aka buga a Jamus a 2004. Yanzu kuma labaran sun koma wayar hannu, ana karanta su a WhatsApp da Facebook, in waya ta lalace sun tafi. Ɗalibai goma da aka ba wata shida da ɗan kuɗin saye da na mota za su iya tattaro abin da ya rage a hannun 'yan kasuwa, su rubuta bayanin kowane, su kuma fito sun ƙware a katalog fiye da yadda lacca za ta ƙwarar da su.

Batun kwamfuta ba ya bukatar dogon bayani. A shekarun 1990 an raba wa jami'o'in Tarayya wata manhaja mai suna TINLIB da rancen Bankin Duniya, kuma da yawa suka watsar da ita bayan 'yan shekaru saboda tsadar kula da ita da rashin ƙwararrun da za su riƙe ta. Yau akwai Koha, wadda aka ƙirƙira a New Zealand a 1999, kyauta ce ga kowa. Kyautar ba ta hana ta tsayawa cik ran da wanda ya iya ta ya sami aiki a banki.

Ƙasashen da aka aro sana'ar daga gare su sun daɗe da wannan muhawara. Makarantar farko da Dewey ya buɗe a Jami'ar Kolambiya a 1887 aikin hannu ta fi ba ƙarfi, har a 1923 wani rahoto da C. C. Williamson ya rubuta wa Gidauniyar Carnegie ya soki makarantun da cewa akawuna suke yayewa, ya nemi a mai da karatun na masu digiri a cikin jami'a. An bi shawararsa, amma ba a jefar da aikin hannun ba. A Ingila al'ada ce mai digiri ya yi shekara guda yana aiki da albashi a matsayin mai koyo, a wurare irin su Laburaren Bodleian na Oxford, kafin ya shiga karatun digiri na biyu. A Amurka, Laburaren Majalisar Dokoki ya fara wani shiri a 1991 na ɗaukar ɗalibai mako goma lokacin hutun bazara, ana biyan su, a damƙa wa kowane tarin kayan da ba a tsara ba, a ƙarshe ya baje abin da ya tono a gaban jama'a. Abin lura a duka biyun shi ne ana biya, kuma akwai aikin da za a nuna a ƙarshe.

Masu cewa ba za ta yiwu a nan ba suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa yawancin masu digiri na biyu ma'aikata ne da suka zo karatu daga ofisoshinsu, wasu matan aure ne da yara, ba za su iya barin gari wata shida ba. Gaskiya ne. Amma wanda ya riga ya yi shekaru a laburare ana iya rage masa, ko a tura shi wani sashe da bai taɓa zama ba a cikin garin da yake. Wanda ya shigo daga wani fanni ne bai kamata a yi masa rangwame ba. Suna kuma cewa ɗakunan karatun jihohi da yawa sun zama kufai, rufi na yoyo, an yi shekaru ba a sayi sabon littafi ba, me ɗalibi zai koya a can? Wannan ma gaskiya ne, kuma ba abin mamaki ba ne a ƙasar da aka ba da kwangilar gina hedkwatar Laburaren Ƙasa a Abuja a 2006 amma har 2024 ta wuce ba a tare ba. Sai dai laburare ba na gwamnatin jiha kaɗai ba ne. Kotuna suna da shi, da majalisun dokoki, da asibitocin koyarwa, da cibiyoyin binciken aikin gona, da gidajen rediyo masu tarin faya-fayen mawaƙan da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda zafi da ƙura ke ci a hankali.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsoron bauta. Kowa ya san yadda ake yi da mai koyon aiki a ofisoshin ƙasar nan: a aike shi sayen abinci, a ba shi tsumma ya share kanta, a bar shi gadin jakunkuna a bakin ƙofa, ran ƙarshe a sa masa hannu a ce ya yi ƙoƙari. In haka za a yi wa mai neman digiri na biyu, gara a bar shi a aji. Maganin wannan shi ne a rubuta yarjejeniya tun kafin ya tafi, tsakanin sashensa da wurin da zai je, a ambaci aikin da zai yi da sunan ma'aikaci mai rajista da zai tsaya a kansa. A kuma auna shi da abin da ya fito daga hannunsa, littattafai nawa ya yi wa katalog, kuma in aka ɗauki ashirin daga ciki aka duba, nawa ne babu kuskure. Shi ma mai koyarwar a lissafa masa wannan wahala wajen ƙarin girma, kamar yadda ake lissafa wa malami ɗaliban da ya duba kundinsu, domin tsohon ma'aikacin da ya ga za a ɗora yaro a kansa gobe ba zai buɗe masa cikinsa a banza ba.

Saura kuɗi. Horon da babu biya a cikinsa na 'ya'yan masu hali ne, don ɗan talaka ba zai iya zama Kaduna wata shida yana biyan haya da abinci daga aljihun da babu komai ba. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ware wa manyan makarantu kaso na musamman domin raya laburare, ana sayen littattafai da kwamfutoci da kujeru da shi. Ba zai zama ɓarna ba in an yanki wani abu daga ciki an biya waɗanda za su sa kayan su yi amfani. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke da ikon sa wannan horo cikin sharuɗɗan amincewa da kwas, Hukumar Rajista kuma ita ke da ikon cewa ba za ta sa sunan wanda ya shigo daga wani fanni a littafinta ba sai ya kawo shaidar watannin da ya yi a bakin aiki, da sa hannun wanda ya koya masa. Dokar 1995 ta ba ta ikon ƙayyade irin ilmi da ƙwarewar da ake bukata ga mai son shiga sana'ar, don haka ba sai ta jira Majalisa ta yi sabuwar doka ba.